WA YA CANCANCI RIƘON DUKIYAR YARO NAƘASASSHE?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ke damun magidanta da yawa daga cikin ma'aikatan masana'antun Kano, watau na Bompai da Sharada da Challawa, amma kunya takan hana a tattauna ta a fili. Mutum ya shafe shekaru yana aiki a majemar fata ta Challawa, ko a kamfanin roba na Sharada, Allah kuma Ya jarrabe shi da ɗa makaho, ko kurma, ko wanda shan inna ya naƙasa, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta cika ba. Irin waɗannan su ne a yau ake kira masu buƙata ta musamman. Uban ya san ƙarfinsa mai ƙarewa ne, ya kuma ga masana'antu nawa aka rufe a unguwannin nan, musamman masaƙu. Saboda haka yakan yi ƙoƙarin ware wani abu domin yaron. Tambayar ita ce: a hannun wa za a danƙa wannan dukiya, kuma wa zai riƙa tsara yadda za a kashe ta wajen magani da karatu da sana'ar yaron?

Kuɗin ma'aikaci mai kauri ba kullum yake zuwa ba, yawanci sau ɗaya ne. Ko dai kuɗin sallama, ko adashi, ko gudummawar abokan aiki, ko abin da doka ta tanada. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta wajabta musu yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Irin wannan kuɗi in ya salwanta, ba shi da na biyu. Wannan ya sa zaɓen wanda zai riƙe shi ya zama al'amari babba, wanda Allah zai tambayi uba a kansa.

Al'ada ta riga ta ba da amsarta. A wurin Bahaushe, babban wa ko baffa shi ne uban gida bayan uba, kuma tsallake shi a ba wani daban abin kunya ne, har a kira shi yanke zumunci. Akan ce ɗan'uwa rabin jiki, akan kuma ce naka sai naka. Ba a raina wannan magana, domin akwai gaskiya a cikinta. Baƙo yana iya gajiya ya ajiye, ɗan'uwa kuwa ko ya gaji ba shi da inda za shi. Ciwon yaron ciwonsa ne, kunyar yaron kunyarsa ce.

Amma shari'a ba ta gina riƙon dukiya a kan kusancin jini ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, mai ikon kula da dukiyar yaro shi ne ubansa, sa'an nan wasiyyin da uban ya naɗa, sa'an nan alƙali. Wa da baffa, har ma da kaka, ba su da wannan iko don kawai dangantaka, sai in an naɗa su. Sharuɗɗan wasiyyi kuwa su ne ya kasance baligi mai hankali, Musulmi, adali, kuma mai iya ɗaukar nauyin. Littafin ya bayyana cewa mace tana iya zama wasiyyiya, makaho ma yana iya zama. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da kansa, 'yarsa Hafsatu ya bar wa kula da waƙafinsa, alhali yana da 'ya'ya maza. Ashe ke nan uban da ya zaɓi ƙanwarsa malamar makaranta, ko amininsa na wurin aiki, ya bar wansa, bai saɓa wa shari'a ba.

Alƙur'ani mai girma ya nuna ma'aunin a cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, inda 'yar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Mutane sukan riƙe ta biyun su manta ta farkon. Suna ganin da zarar mutum mai salla ne, mai tsoron Allah, to magana ta ƙare. Ga Abu Zarri kuwa, sahabin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa shaidar gaskiya. Duk da haka, a hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi ya gaya masa cewa yana ganinsa mai rauni, ya kuma hane shi jiɓintar dukiyar maraya. Ba wanda ya tuhumi amanar Abu Zarri. Abin da aka duba shi ne iya aikin.

To, mene ne ƙarfi a wannan fage? Shi ne sanin hanya da juriyar binta. Mai riƙon dukiyar yaro gurgu ya kamata ya san ƙofar Asibitin Ƙashi na Dala, ya san ranar da ake ganin likita, ya iya zama a layi tun da sassafe ba tare da ƙosawa ba. Na yaro kurma ko makaho ya san makarantar Tudun Maliki da yadda ake samun gurbi a cikinta. Ya san cewa Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Ya san cewa dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba naƙasasshe haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wanda bai san waɗannan ba zai kashe kuɗin yaro a kan abin da yaron ke da haƙƙin samu kyauta, ko ya bar kuɗin a ajiye, tsadar kaya tana cinsa, yaron kuma yana zaune a ɗaki shekarun koyonsa suna wucewa. An ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Wannan ya nuna ajiya kurum ba ita ce cikar amana ba.

Amanar kuma tana da alamu da ake gane ta da su. Ta farko, kada mai riƙon ya kasance shi ne mai sayar da abin da yaron ke buƙata. In baffa yana da kantin magani, ko shi ne mai ba da rubutu da turare, sa'an nan aka ce shi zai yanke irin maganin da za a saya, to an ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kurar ta yi niyyar azumi. Malamai sun ƙi wasiyyi ya sayi dukiyar maraya wa kansa saboda irin wannan tuhuma. Ta biyu, kada ya kasance yana cin riba daga ɗorewar naƙasar. Kowa ya ga yaran da ake turawa a keke ana bara da su a mahaɗar titi da ƙofofin masana'antu ranar biyan albashi. Wanda ya mai da naƙasar yaro jari ba zai so ya ga yaron ya koyi ɗinki ko gyaran rediyo ba. Ta uku, ya yarda a rubuta, ya yarda a bincike shi. Mutumin da ya fusata don an ce ya kawo rasit, ya riga ya ba da labarin kansa.

Wani zai ce, ai wannan zai jawo gaba a cikin dangi, kuma wanda ba ɗan'uwa ba sai an biya shi, ladansa kuwa daga dukiyar yaron za ta fito. Amsar farko ita ce, haƙƙin ɗan'uwa shi ne a girmama shi, a ziyarce shi, a taimake shi daga aljihun kai. Dukiyar yaro ba ta cikin abin da ake sadar da zumunci da shi, domin mai ita ba ya iya cewa ya yafe. Wanda ya faranta wa wansa rai da kuɗin ɗansa naƙasasshe, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Amsa ta biyu, Suratun Nisa'i, aya ta 6, ta umarci mawadaci ya kame daga dukiyar da yake riƙo, ta kuma halatta wa mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da aka sani. Lada ƙayyadadde da aka rubuta a gaban shaidu ya fi aikin kyauta wanda ake yankar ladansa a ɓoye.

Har wa yau, ba dole ne a tara kome a hannu ɗaya ba. Reno haƙƙin uwa ne a shari'a, kuma ita ta fi kowa sanin abin da ke sa yaron kuka da abin da ke sa shi dariya, saboda haka ba a yanke shawara a kansa a bayan idonta. Dukiya ta zauna a hannun mai ƙarfi amintacce. Babban wa kuwa a naɗa shi mai sa ido, a riƙa karanta masa lissafi duk shekara. Ta haka an ba shi girmansa, an kuma tsare yaron. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da uba zai lura da shi tun yana raye. Naƙasa ba ta ƙara wa magaji rabo a gado, kuma ba a yin wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Wanda yake so ya tanadar wa ɗansa naƙasasshe wani abu na musamman, sai ya yi shi da lafiyarsa, ta hanyar kyauta ko hubusi, a rubuce, da shaidu. Gaskiya ne hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi hani ga fifita wani ɗa a kan wani wajen kyauta, amma malamai irin su Ibnu Ƙudama sun ambaci halaccin keɓance wanda ke da wata lalura kamar makanta ko ciwo mai ɗorewa. Ya kyautu uba ya tara 'ya'yansa ya bayyana musu dalili, domin kada tanadin ya zama sanadin ƙiyayya ga wanda aka yi dominsa.

Daga ƙarshe, wajibi ne a bambanta naƙasar jiki da raunin hankali. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a miƙa dukiya ga wanda bai san darajarta ba, amma makanta da kurumta da gurgunta ba wauta ba ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, Annabi kuwa ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Aɗa'u ɗan Abu Rabah gurgu ne, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, shi ne kuma mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Saboda haka yaron da hankalinsa ke lafiya, tilas ne a riƙa jin ta bakinsa, a riƙa gwada shi da ƙananan cinikayya kamar yadda aya ta 6 ta umarta, in ya balaga ya nuna shiriya a miƙa masa abinsa a gaban shaidu. Wanda raunin hankalinsa ya ɗore ne kaɗai riƙo ke ci gaba a kansa, shi ma da sa idon alƙali. Wasiyyin kirki shi ne wanda ke aiki domin ranar da yaron zai daina buƙatarsa.

Duk magidancin da Allah Ya ɗora wa wannan nauyi, kada ya jira sai ciwo ya kwantar da shi. Ya duba cikin mutanensa, ya zaɓi mai ƙarfi amintacce, ya nemi yardarsa, ya kira shaidu biyu, a rubuta.

Allah Ya ba iyaye ikon sauke amana, Ya jiɓinci lamarin raunana, Ya sa a gama lafiya. Allah ne Mafi sani.