Komawa Ga Baiwa Bayan Rashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, akwai abin da yakan sami masu fasaha idan an yi musu rashi. Za ka ga mai zayyanar allo ya bar tawadarsa ta bushe, ko mai ɗinkin hula ya jefa allura ƙasan adaka, ko mai waƙar wa'azi ya shekara bai tsara baiti ɗaya ba. Wani zuciyarsa ce ba ta farfaɗo ba tukuna. Wani kuwa marmarin aikin ya fara dawo masa, amma kunya ta riƙe shi, yana ganin kamar jin daɗin aikinsa cin amanar mamacin ne. Da wannan na biyun muke magana a wannan mako.

Musulunci bai hana baƙin ciki ba. Annabi (S.A.W.) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma nuna cewa wannan rahama ce, muddin harshe bai furta abin da Ubangiji ba Ya so ba. Amma shari'a ta yi wa makoki iyaka: kwana 3 ga kowane mamaci, in ban da matar da mijinta ya rasu, wadda za ta yi takabar wata 4 da kwana 10, ko har ta haihu in tana da ciki. Buhari ya ruwaito cewa da Abu Sufyana ya rasu, 'yarsa Ummu Habiba, matar Annabi, ta sa aka kawo mata turare bayan kwana 3 ta shafa, ta ce ba don tana bukatarsa ba, sai don abin da ta ji daga bakin Manzo. A lura da kyau: ba ta jira sha'awar turaren ta dawo ba. Hannu ne ya fara, zuciya ta biyo baya.

Masu tarihi sun faɗa mana cewa bayan wafatin Annabi a shekarar 632, Bilal ya daina kiran salla, ya tafi ƙasar Sham. Sai da Sayyidina Umar ya je can bayan 'yan shekaru aka roƙe shi ya kira. Da ya ɗaga murya, sahabbai suka fashe da kuka don tunawa da zamanin Manzo. Kukan bai hana kiran ba, kiran kuma bai shafe kewar ba.

A nan ƙasarmu muna da misalin da ya fi kusa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga rashi iri-iri: mahaifinta a 1817, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, sannan mijinta Waziri Giɗaɗo. Ba ta ajiye alƙalami ba. Ta yi wa Bello marsiyya, ta yi wa ƙawarta A'isha, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinta bayan rasuwar Bello ta rubuta su, da Larabci da Fulatanci da Hausa. A shekarun nan ne kuma aikin 'Yan Taru ya kafu, inda jajoji ke kai karatu cikin waƙa ga matan ƙauyuka. Da ta ɗauki shiru a matsayin biyayya ga mamatanta, da matan nan sun yi babbar hasara.

Kada a haɗa marsiyya da kururuwar jahiliyya. Abin da aka haramta shi ne marin fuska, da yaga tufafi, da sukar ƙaddara. Ambaton halayen mamaci na ƙwarai da roƙa masa gafara cikin tsararren zance kuwa, Hassanu ɗan Sabit ya yi wa Annabi marsiyya a tsakiyar sahabbai.

Saboda haka wanda hannunsa ya yi nauyi ya fara da kaɗan, ko da layi ɗaya ne na zayyana bayan sallar asuba. In hawaye sun zo cikin aikin, ya bar su su zuba. In kuma ya sami kansa yana murmushi don kyan abin da ya fito, kada ya tuhumi kansa, domin baiwar ta Allah ce, kuma Bai karɓe ta tare da mamacin ba. Dangi da maƙwabta su ma su kame bakinsu daga irin maganar nan ta "har ka manta?", don ta sa gwanaye da yawa sun naɗe kayan aikinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.