Gurnanin Kare Magana Ne

Ya kai mai karatu, ga tambaya. Wanda ya bi ka don tsoron sanda, da wanda ya bi ka don ya yarda da kai, shin biyayyarsu ɗaya ce? Kada ka yi saurin amsawa. Mu je wurin kare tukuna, domin shi bai iya munafunci ba.

A nan Damagaram, ko cikin Birni ko a Zango, in kare ya ratso lungu, abin da yara suka sani shi ne jifa. Amma fita wajen Tanut ka ga makiyayi da karensa. Dubi dogon karen nan siriri na Buzaye, wanda aka fara kai irinsa Turai a shekarun 1970, ana ce masa Azawak. Yana kwana bakin bukka, ana ba shi nono, yana tsaron dabbobi ba tare da an ɗaure shi ba. Na gari da na daji duk kare ne. Riƙon da aka yi musu ne ya bambanta.

Kare yana magana da jikinsa. In ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, tsoro yake ji. In yana hamma ko lasar hanci, yana kau da kai, cewa yake an matsa masa. In ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya ɗaga baya, wasa yake nema. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce: in jiki ya sandare, wutsiya ta miƙe sama, ja da baya.

Sai gurnani. Mutane da yawa, da kare ya yi gurnani, sai duka. To, gurnani gargaɗi ne, ma'anarsa "dakata nan". In ka dake shi, zai bar gurnanin, amma tsoron da ya sa shi yi yana nan. Ran da ƙaramin yaro ya taɓa akushinsa, sai cizo kawai, babu sanarwa. Ka ga sandarka ba ta gyara shi ba, bakinsa kurum ta rufe.

Yaya ake horonsa ke nan? Wajen 1900 wani masani na Rasha, Pavlov, ya nuna cewa kare yana haɗa abu biyu a ƙwaƙwalwarsa in sun zo tare, kamar wani sauti da abinci. Saboda haka in ka kira shi ya zo, ba shi ɗan tuwo nan take, ka shafa shi. In ka jinkirta, ba zai san ladan mene ne ba. In kuwa ya zo ka dake shi saboda ɓarnar da ya yi da safe, abin da ya koya shi ne zuwa wurinka yana jawo wuya. Gobe ka kira, ba zai zo ba. Kuma a fara tun yana ɗan kwikwiyo, gama ba a kiwon kare ranar farauta.

Malamanmu ma sun san darajar horo. A Suratul Ma'ida an halatta naman da horarren kare ya kamo, kuma alamar horon, in ji malaman fiƙihu, ita ce in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya.

Wani zai ce: "Ai sanda ta fi sauri." Gaskiya ne, tana sa a bari yanzu. Amma ba ta koya abin da ya kamata a yi, kuma aikinta yana ƙarewa da zarar ka juya baya.

Yanzu koma gidanka. Ɗanka, ko almajirinka, ko yaron shagonka, in ya ce "ban gane ba" ka mare shi, me ya koya? Ya koyi yin shiru. Daga nan zai ɓoye maka kuskure, ya ɓoye ciwo, ya ɓoye bashi, sai abu ya lalace ka ji. Shirun mai tsoro ba ladabi ba ne.

Saboda haka, kafin ka ɗaga hannu, a kan dabba ko a kan mutum, tsaya ka duba abin da yake ƙoƙarin gaya maka. Allah ya ba mu haƙurin saurare.