Idan Citta Ta Ruɓe, Asarar Ta Wa Ce?

A ƙasar Jaba, Kachia da Kagarko, a kudancin Jihar Kaduna, citta ce ke biyan kuɗin makarantar yara, ita ce ke sa kwano a kan ɗaki, ita ce kuma ke ɗaga baikon godiyar kaka a majami'u da dama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ma'aikata da 'yan kasuwa na Kaduna da Abuja su riƙa zuba jarinsu a gonakin 'yan'uwansu na gida. Mai kuɗi ya kawo kuɗin iri da taki da na ƙwadago, manomi ya kawo gona da guminsa, a raba amfani da kaka. Sau da yawa da baki kawai ake ƙulla maganar, domin dukansu 'yan ikkilisiya ɗaya ne.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a wannan yanki. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Irin citta kuwa cittar ce kanta: akan yanka saiwar, ko Tafin Giwa ko Yatsun Biri, a binne ta wajen Afrilu ko Mayu, a rufe da ciyawa, a jira wata bakwai ko takwas. Wanda ya rasa amfanin shekarar ya rasa irin shekara mai zuwa ke nan. To, wa zai ɗauki asarar?

Mai jari yana da hujja, bai kamata a rena ta ba. Kuɗinsa ba tsintuwa ba ne. Wataƙila kuɗin sallama ne bayan shekara 35 na aikin gwamnati. Alkawari kuma kaya ne. Amma sai a tambaye shi, wane alkawari aka yi? In rance ya bayar, hakkinsa shi ne abin da ya bayar, ba shi da rabo cikin riba. In kuwa haɗin jari ne, ya shiga gonar da ƙafa biyu, albarkarta da masifarta duka nasa ne tare da manomi. Wanda ya karɓi rabin riba a shekarar albarka yana kiran kansa abokin tarayya, sa'an nan a shekarar cuta ya rikiɗe ya zama mai bin bashi, ya mai da ɗan'uwansa kura da shan bugu, shi kuwa gardi da karɓar kuɗi. Manomi ma ya yi asara: watanni na noma da rufi da ciran ciyawa, waɗanda ba wanda zai mayar masa.

Abin ya fi muni sa'ad da gona ta zama jingina. A sura ta 5 ta Littafin Nehemiya, talakawan Yahuza sun jinginar da gonakinsu domin su sami hatsi a lokacin yunwa, su kuma biya harajin sarki. Waɗanda suka karɓe gonakin ba baƙi ba ne, manyan jama'arsu ne. Nehemiya ya tara taro ya tsauta musu, ya sa suka mayar da gonakin. Bashin kaka ɗaya ba ya kai darajar gonar gado, wadda za ta ciyar da jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Manomin da ya haƙe ɗan abin da ya tsira, ya kai kasuwar Kubacha da asuba, ya dawo ya ce cuta ta cinye duka, shi ma ɓarawo ne. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Yawancin irin wannan rigima kan taso ne daga tambayar da kunya ta hana a yi tun farko. Rubuta yarjejeniya a gaban dattawan ikkilisiya ba rashin amincewa ba ne. Takardar ta faɗa a fili ko rance ne ko tarayya, abin da za a yi in cuta ko fari ya zo, da kuma cewa gona ba ta cikin jingina. Tun 1987 Nijeriya take da tsarin inshorar aikin gona, amma mai jarin da ke birni ya fi manomin Kwoi kusa da ofishinsu, don haka neman takardun da biyan kuɗin sun fi dacewa da shi.