Kunyar Da Ke Fuska Da Kunyar Da Ke Zuci

A gabashin Kanada akwai wani babban tsibiri mai tsananin sanyi da ake kira Niyufanlan, wanda yawancin mutanensa na dā masunta ne, kakanninsu kuwa daga Ingila da Ailan suka zo. Cikin abubuwan da suka zo da su har da wani wasa na kwanakin Kirsimeti, wanda akan yi har zuwa 6 ga Janairu. Masu yin sa ana ce da su “mummers”.

Da dare ya yi, sai maƙwabta su rufe fuskokinsu da rigar matashin kai ko labule, su cusa tsummoki cikin tufafi don siffarsu ta sake, maza su sa kayan mata, mata su sa na maza. Har murya sukan ɓadda, watau su riƙa magana suna jan numfashi ciki. Sa'an nan su bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. In an ba su izini suka shiga, sai su yi kiɗa da rawa, masu gida kuwa su duƙufa wajen gano ko su wane ne. Wani a tafiyarsa za a gane shi, wani a hannuwansa, wani a takalmin da ya manta bai sake ba. Wanda aka ambaci sunansa daidai, wajibi ne ya yaye fuskarsa, a ba shi abin ci da abin sha.

To, ga abin tambaya, mai karatu: mutumin da ya rufe fuska, halinsa ne ya sake, ko kuwa halin da yake ɓoyewa ne ya sami ƙofar fita?

Tarihin tsibirin ya ba da jawabi mai ɗaci. A watan Disamba na 1860, a garin Be Robat, wasu masu rufaffun fuskoki suka far wa wani masunci mai suna Isaac Mercer da duka, ya mutu. Zamani ne na gaba tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, kuma an sha fakewa da wasan a rama tsohuwar ƙiyayya. A 1861 majalisar tsibirin ta kafa doka, ta hana kowa fita a ɓad-da-kama sai da takardar izinin majistare.

Mai gaggawar hukunci zai ce ai laifin ƙyallen ne. Alhali kuwa ƙyalle ba ya ɗaukar sanda. A ƙananan ƙauyukan bakin teku an ci gaba da wasan shekara da shekaru bayan dokar, galibi lami lafiya. Dalili shi ne kowa ya san kowa, kuma mai rufe fuska ya tabbata kafin ya bar ɗakin za a kira sunansa da na ubansa. Ɓuyan nasa aro ne na ɗan lokaci, gobe kuma jirgi guda za su shiga da mai gidan. Waɗanda suka yi kisa kuwa sun rufe fuska ne da niyyar kada a taɓa yaye ta.

Amma fa nan ma akwai abin dubawa, domin wannan yabo ne ga ƙauyen, bai kai ga mutumin ba. Wanda bai kame hannunsa ba sai don ya san za a gane shi, tsoron idon jama'a ke gare shi, kunyarsa a fatar fuska ta tsaya. Irin wannan kunya tana da amfani ƙwarai, ta tsare gidaje da yawa, sai dai labule guda ya isa ya kawar da ita. Ba a sanin mai kunyar zuci sai a daren da ya tabbata babu mai iya kiran sunansa.

Da hanyoyin mota suka haɗa ƙauyukan, baƙi suka yawaita, mutane da yawa sai suka daina buɗe ƙofa ga fuskar da ba su gani ba. Tun 2009 akan yi wa al'adar biki a Sent Jons, babban birnin tsibirin, inda ɗaruruwan masu rufaffun fuskoki ke jerin gwano a titi da rana tsaka, ba wanda ke tambayar sunan kowa.