Mas'ala a kan Ɗibar Ƙasar Badala

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amma bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, an tambaye mu game da wanda ya sa diga a jikin badalar Kano ya ɗebi ƙasa domin tubali, yana cewa ƙasa ce kurum, ba ta da mai ita. Shin ya ci haƙƙin wani?

Sai mu ce: ya ci. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kafa kasuwar Kurmi a cikinta. Amma ba sarakuna suka kwaɓa ƙasar ba. Talakawa da bayi ne suka ɗauke ta a ka, damina ta zaizaye, rani su yaɓe, domin mai gida da falke su kwana da aminci bayan an rufe ƙofa. Abin da jama'a suka gina domin jama'a ya yi kama da hubusi: kowa ya amfana, babu mai mallakarsa.

Idan almajiri ya ce, ashe kiyaye kayan mutanen da ba girmama jahiliyya ba ne, alhali a kan dutsen Dala aka bauta wa Tsumburbura? Sai mu ce masa lura daban, bauta daban. An umurce mu da duban kufan waɗanda suka gabata domin mu wa'aztu, kuma ba a duban abin da aka rushe.

Sai dai fa laifi ba ɗaya ba ne. Matalaucin da ya cika mangala ɗaya don ɗakinsa ya faɗi, ba a auna shi da attajirin da ya baje wuri ya jera kantuna. Na biyun nan, a ganina, shi ne maciyin amana.

Hukuma ma da nata rabo. An sanya badala cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, a 2007 aka shigar da ita jerin wuraren da ake nema wa shaidar UNESCO, amma takarda ba ta riƙe hannun mai diga. Masu binciken kufai sukan zo su auna, su haƙa, su rubuta da Turanci su tafi, maƙwabcin ganuwa bai ji abin da aka gano a bayan gidansa ba. Ta yaya zai tsare abin da aka ɓoye masa? Haƙƙinsa ne a zauna da shi a zauren mai unguwa tare da liman, a faɗa masa da Hausa, a nuna masa inda zai ɗebi ƙasa ta halal, a ɗauki 'ya'yansa aikin yaɓe da lada, a kuma bar almajirai su shiga Gidan Makama su ga abin da aka tara.

Wallahu a'alamu.