Wa Ya Kamata A Kulle, Tsoho Ko Ɗansa?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a kan haka muka tashi, domin duk ɗan da ya kwana biyu bai je ya durƙusa ya gai da mahaifansa ba, to ya san akwai magana a ƙasa, ko da kuwa kullum yana aiko musu da cefane. Sai ga shekarar 2020 ta zo ta ɗora wannan magana a kan sikeli, saboda an wayi gari ƙafar da ke kai gaisuwa ita ce kuma ake tsoron ta kai cuta. Daga nan ne wata tambaya ta taso a gidaje da yawa, wadda har annobar ta lafa ba a warware ta ba, wato shin ɗa yana da ikon ya hana mahaifinsa fita don ya tsare masa lafiya? In kuwa ba shi da wannan iko, to mene ne ya rage a wuyansa?

Kafin mu shiga cikin maganar, yana da kyau mu tuna wa mai karatu yadda abin ya faru, don mutum mai saurin mantuwa ne. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ba a yi wata guda ba aka rufe makarantu a Jihar Kaduna, sa'annan ranar 26 ga Maris aka kafa dokar kulle ta dare da rana. Bayan kwana biyu gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya fito ya ce shi ma ya kamu. Aka rufe masallatai da majami'u da kasuwanni, aka hana shiga da fita jihar, aka yi azumi aka yi Ƙaramar Salla a cikin gida, ba a ɗage kullen ba sai a watan Yuni, bayan kwana 75. Mu da ke zaune a Kakau, a bakin hanyar Abuja, mun ga titin da ba ya barci ya yi tsit, in ban da motocin abinci da na jami'an tsaro, har mutum ya kan ji kukan tsuntsu da tsakar rana a inda a da ko muryar maƙwabcinsa ba ya ji.

Shawarar da likitoci suka bayar ita ce a nisanci juna, musamman a nisanci tsofaffi. Shawara ce mai kyau, amma fa an yanka rigar ne a kan jikin wasu mutane daban, waɗanda tsohonsu ke zaune a gidansa shi kaɗai, ko a gidan kula da tsofaffi, ɗa kuma yana wani gari. Mu a nan, Bahaushe ne ko Bagbagyi, Musulmi ne ko Kirista, gida ɗaya ne ke ɗauke da kaka da ɗa da jika, randa ɗaya, moɗa ɗaya, kewaye ɗaya. In an yaye yaro ɗakin kakarsa ake kai shi, ɗan fari kuwa da ma kusan nata ne, tunda uwarsa kunyarsa take ji. Ita ce ke kiran jikanta maigida, kakansa namiji kuma yana neman sa da kokawa wai ya ƙwace masa mata. To wane ne zai shiga tsakanin waɗannan ya ce su ba juna tazarar taku biyu? Ai ko ya faɗa, dariya za a yi masa.

Ita kuwa cutar ba ta raba mugun rabonta daidai ba. Yara da samari kan kamu su warke, da yawansu ma ba sa sanin sun kamu, alhali kuwa suna iya shafa wa wani, don ta kan yi kwanaki a jiki, har zuwa mako biyu, kafin ta nuna kanta. Wanda ta fi kayarwa shi ne mai yawan shekaru, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko ciwon zuciya. A nan ta saɓa wa marisuwa, wato murar nan ta 1918 da ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Legas ta biyo hanyar dogo zuwa Arewa, dogon da ya ratsa ta nan ƙasarmu, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya. Ita marisuwa majiya ƙarfi ta fi ɗauka, ta bar tsofaffi da renon marayu. Korona kuwa kai tsaye ta nufi manya. A watan Afrilu na 2020 aka yi ta binne dattawa a Kano, malamai da attajirai da tsofaffin ma'aikata, har daga baya ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma ana jin rabi ko fiye da rabinsu korona ce sanadi. Duk wanda yake da tsoho a gida, ya kuma ji wannan labari a rediyo, dole gabansa ya faɗi.

Saboda haka ba mu ga laifin ɗan da tsoro ya kama shi ba. Hujjarsa a fili take. Ya kan ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri ka zauna a gida. Jana'izar nan ni zan je a madadinka, masallacin ma tunda an buɗe ni zan je, kai ka yi taka a ɗaki, ai lalura ce." Wani ma bai tsaya a roƙo ba, sai ya ɓoye takalman tsohon, ko ya sa yara su ce wa masu sallama ba ya nan, ko ya hana a gaya masa rasuwar abokinsa sai bayan an yi bakwai. In ka tambaye shi, sai ya ce rai ya fi komai, in Baba ya yi fushi yau, gobe ya huce, amma in ya tafi ba ya dawowa. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za a ture ta da baki kawai ba.

To amma sai mu saurari shi ma tsohon, domin a duk wancan lokaci an yi ta magana a kansa, ba a cika yin magana da shi ba. Mutumin da ya haura saba'in ba ya ƙirga kwanakinsa yadda ɗan talatin ke ƙirgawa. Ɗan talatin in an ce ya jingine shekara guda, aro ne ya bayar, yana sa ran a biya shi. Shi kuwa tsoho bai san ko wannan ce shekarar da ta rage masa ba. Abin da yake kira rayuwa kuma ba shi da yawa: sahun gaba a masallaci ko kujerarsa a coci, tabarmar ƙofar gida bayan la'asar, raka gawar sa'ansa, da jikan da zai hau masa baya. In ka kwashe waɗannan duka ka ce ka tsare masa rai, yana da damar ya tambaye ka, wane ran? Ga shi kuma shi ba baƙon annoba ba ne. Ya ga agana, ya ga kwalara, ya ga sanƙarau na 1996, ya binne 'ya'ya saboda ƙyanda. Ba jahilci ne ke sa shi cewa zai fita ba, lissafi ne irin nasa, ko da kuwa bai yi daidai da na likita ba.

A ganinmu, inda aka cakuɗa abubuwa shi ne wajen ɗaukar sani a matsayin iko. Gaskiya ne a wannan karon yaro ya riga babba hangowa, don shi ne mai waya a hannu, shi ya karanta abin da ke faruwa a Italiya da Amurka. Wannan sani ya ɗora masa nauyin ya faɗa, ya maimaita, ya fassara da harshen da tsohon zai gane, ya kawo masa wanda yake jin maganarsa, liman ne ko fasto ko malamin asibiti. Amma sanin bai mai da shi uban ubansa ba. Dattijon da ke cikin hankalinsa ba yaro ba ne, kuma furfura ba ta ƙwace wa mutum ikon zaɓar haɗarin da zai ɗauka a kan ransa. Ɓoye masa labarin mutuwa kuwa, ko yi masa ƙarya wai don amfaninsa, wannan raini ne da aka naɗe da ganyen tausayi. Duk malamin makaranta ya san bambancin ɗalibin da aka fahimtar da wanda aka kulle wa ƙofa, na biyun ta taga yake fita.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi wannan muhimmanci, wadda ba a cika yi ba. Ta ina cutar ke shiga gida? Tsohuwar da ta shekara ba ta ƙetare gadar Kogin Kaduna ba, ba ita ce za ta je ta ɗauko ta ba. Mu ne 'yan tsakiya, masu shiga motar haya mu matsu da juna zuwa Kakuri da Sabon Tasha da Kasuwar Barci, masu layi a banki, masu zaman majalisa da dare ana shan shayi da kofi ɗaya. Sau da yawa mutumin da ya kafa wa mahaifinsa doka da safe, shi ne zai dawo da yamma da takunkumi a haɓa, ya wuce kai tsaye ɗakin tsohon ya sa hannu a kwanonsa. An sa kwaɗo a ƙofar wanda ake tsoron a shafa wa, an bar ƙofar mai shafawar a buɗe. Ko a karantarwar addini, abin da aka sani game da annoba shi ne wanda ke cikin garin da ta faɗa kada ya fita, wanda ke waje kada ya shiga, wato matafiyi aka ɗaure wa ƙafa. Da Halifa Umar ya nufi Sham ya sami labarin annobar Amwas, shawara ya yi da jama'a, sa'annan ya juya da kansa da tawagarsa.

Idan haka ne, nauyin farko yana kan ɗa ne ya kulle kansa, iyakar iyawarsa. Mun ce iyakar iyawarsa domin ba mu manta da yunwa ba. Mai sayar da itace a bakin titi, da lebura, da direba, da malamin makarantar kuɗi da aka daina biya, in ba su fita ba tukunya ba ta hawa murhu, kuma abin da ya faru a watan Oktoban shekarar, da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Kaduna da wasu jihohi, ya nuna inda tura ta kai. Fita neman abinci dole ce. Amma hirar majalisa ba dole ba ce, biki ba dole ba ne. Mai fita yana iya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga zaure, ya sauya riga, ya gai da iyayensa a tsakar gida inda iska ke kaɗawa maimakon cikin ɗaki mai taga ɗaya, ya ware wa tsohon moɗarsa da butarsa, in ya ji mura ya ƙaurace na kwanaki ya kuma faɗi dalili. Ya tabbatar maganin hawan jinin tsohuwa bai yanke ba, don a watannin kulle mutane da yawa sun ƙi zuwa asibiti saboda tsoron a killace su, ciwon da suke da shi tun da can ya ci gaba da cin su a ɓoye. Ɗan da ya yi wannan, in ya ce "Baba, ka rage fita", maganarsa za ta yi nauyi, don tsohon ya ga abin da shi ya bari saboda shi.

Ba kuma muna cewa 'yancin tsoho ba shi da iyaka ba ne. Ransa ne yake da iko a kai, ban da na matarsa mai ciwon suga da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ban da na sa'o'insa da zai je ya yi wa tari a wurin zaman makoki. In shi ne ya kamu, ko alamu suka bayyana, to ya koma sahun masu shafawa, hukuncin da ya hau kan ɗansa ya hau kansa. Haka nan wanda tsufa ya taɓa wa hankali, wannan kam a yanke masa shawara, kamar yadda shi ma ya taɓa yanke wa waɗanda ya haifa.

Su kuwa jikoki, su ne suka biya bashin da ba su ci ba. Cutar ba ta cika kayar da su ba, amma su aka rufe wa makaranta fiye da wata shida, aka ɗage jarrabawar WAEC zuwa Agusta, aka buɗe, aka sake rufewa a Disamba. Da aka dawo, akwai kujerun da ba a sake ganin masu su ba, wasu 'yan matan an aurar, wasu samarin sun kama sana'a. Ba wanda ya nemi shawararsu su ma.

Tambayar ta sake dawowa da wata riga a watan Maris na 2021, lokacin da allurar riga-kafi ta iso Nijeriya, aka ce bayan ma'aikatan lafiya sai masu shekaru. A wasu gidajen tsohon ne ya ƙi, yana tuna gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, aka kuwa sha fama kafin a shawo kansa. A wasu gidajen kuma abin juyawa ya yi, ɗan ne ya zo da saƙonnin WhatsApp yana cewa kada kowa ya yarda a taɓa shi, tsohuwa kuwa ta naɗe hannun riga ta nuna masa tabon lamba da aka yi mata tun tana yarinya saboda agana, ta ce a nemo mata mai Keke Napep ya kai ta asibiti.