Mai Lallashi da Mai Tsawa

Akwai tambaya guda da ta daɗe tana damun masu alƙalami. In mutum ya ga gaskiya, ga kuwa mai mulki a tsaye a kansa, shin ya faɗe ta a hankali don jaridarsa ta daɗe, ko kuwa ya kwarara ta ko da za a rufe masa ƙofa gobe? Bari mu duba abin da ya faru ga Musulmin ƙasar Indiya zamanin da Ingilishi ke mulkinsu.

A birnin Delhi an yi wani malami, Maulawi Muhammadu Baƙir, mai jaridar Delhi Urdu Akhbar. Da mutanen ƙasar suka tayar wa Turawa a 1857, jaridarsa ta goyi bayansu. Turawa suka ci garin, suka harbe shi. Duk Musulmin da ya ɗauki alƙalami bayan wannan ya san abin da ke gabansa.

Sayyid Ahmad Khan ya zaɓi lallashi. Shi alƙali ne a ƙarƙashin Gwamnati, albashinta ya ke ci. Duk da haka ya rubuta littafi a kan dalilan tawayen nan, ya nuna wa Turawa laifinsu, cewa suna kafa doka ba su shawarci 'yan ƙasa ba. A 1870 ya kafa mujallar Tahzib al-Akhlaq, watau gyaran halaye, ya juya kan 'yan'uwansa Musulmi yana yi musu faɗa a kan gudun ilmin zamani. Waɗansu malamai har kafirta shi suka yi. A 1875 ya buɗe makaranta a Aligarh, wadda ta zama jami'a a 1920. Ka ga shi a wurinsa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Abul Kalam Azad kuwa tsawa ya zaɓa. A 1912 ya fara buga Al-Hilal a Kalkata, kowane mako, yana kiran Musulmi su nemi 'yanci. Lokacin nan akwai dokar ɗab'i ta 1910, wadda ta ba Gwamnati iko ta sa mai jarida ya ajiye kuɗin jingina, in ya buga abin da ba ta so ta cinye. Haka aka yi masa, a 1914 jaridar ta mutu. Ya kafa wata, Al-Balagh, a 1915. Ba ta shekara ba aka kore shi daga lardin, aka tsare shi a Ranci har farkon 1920.

To, wa ya fi? Mai saurin hukunci zai ce Azad jarumi ne, Sayyid kuwa matsoraci. Ni ban yarda ba. Matsoraci ba ya jure zagin mutanen gidansa shekara da shekaru, kuma sau da yawa gaya wa ɗan'uwa laifinsa ya fi gaya wa baƙo wuya. Amma fa lallashi yana da ramin da ya ke jefa mai shi. Wanda ya saba sassauta murya, wata rana sai ya ga shiru ma ya fi daɗi. Sayyid da kansa, da aka kafa ƙungiyar Congress a 1885, ya yi ta gargaɗin Musulmi su nisance ta, su bar siyasa tukuna. A nan ina ganin ya yi tsawon jira.

Sai dai ga abin da ya hana ni raba su sarai. Muhammad Ali, wanda ya kafa jaridar Comrade a 1911 ya dami Turawa har suka tsare shi a 1915, a makarantar Aligarh ya yi karatu, wadda mai lallashin nan ya gina.